Neman Muryar Baba a Garwa

Tun da na dawo daga Garwa ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo shagona a Barunde ta Gombe, kafin ya ajiye yadinsa sai ya ce, "Manu, an samo? Me ya faɗa?" Wasu abokan Baba ne, wasu kuma labarinsa kawai suka ji. Nakan fara ba da labarin in tsaya a tsakiya, domin akwai wuraren da bakina ba ya iya wucewa. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Saboda yaran yanzu, bari in fara da ko wane ne Baba. Sunansa Malam Jibrin, amma garin nan da Saura-Kaɗan ya san shi. A zamanin soja akwai wani shiri a talabijin da ake kira Shagalin Laraba. Ana waƙa, ana rawa, ana kacici-kacici, a ƙarshe kuma sai a nuno wani mai gyaran agogo zaune a teburinsa da gilashi a ido ɗaya. Babana ne. A cikin wasan, mutanen unguwa sun kai masa babban agogon bangonsu gyara, duk mako suna zuwa karɓa, shi kuma duk mako yana da sabon dalili. Yau an kafa kwamitin duba ƙusoshi, gobe an gano masu agogon ba su isa sanin lokaci ba tukuna. Daga nan ya dube su ya ce, "Saura kaɗan." A lokacin kowa ya san waɗanda suke ta alkawarin miƙa mulki suna ɗagawa, ba sai an fassara wa kowa ba.

Masu gidan talabijin ma sun sani. Da farko takardar wasan ake kai wa wani jami'i ya ja jan biro a kan abin da bai yi masa ba. Da suka lura Baba ba ya bin takarda, sai suka sake dabara. Bayan an ɗauka, a goge muryarsa a inda ya yi zafi, a ɗora kiɗan goge a kai. Ina yaro muna taruwa a gidan maƙwabcinmu mai talabijin, da an ji goge ya tashi bakin Baba na motsi, sai manya su hau tafi suna cewa, "Yau ma an ci Malam!"

Sai aka zaɓi shirin za a haɗa tashoshi a nuna shi a duk ƙasa. Baba ya tafi ɗauka bai dawo ba. Shirin bai fito ba, bai kuma ƙara fitowa ba har yau. Bayan wasu makonni aka sauke shi a ƙofar gida, ya rame, yana jan ƙafa ɗaya. Bai faɗa wa kowa inda aka kai shi ba, bai faɗi abin da ya ce a gaban kyamara ba. Ya kafa tebur a kasuwa ya zama mai gyaran agogo na gaske. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ita ta riƙe mu da suyar ƙosai. Sau ɗaya na taɓa jin ta yi magana a kai, tana kwasar ƙosai ba ta dube ni ba, ta ce, "Ya tuna da 'yan kallo, ya manta da mu."

A shekarunsa na ƙarshe ciwon maƙogwaro ya kama shi, aka yi masa aiki, murya ta tafi gaba ɗaya. Mu yakan rubuta mana a takarda. Dada ba ta karatun boko, sai dai ta dubi bakinsa ta gane ruwa yake so ko magani, ko so yake baƙo ya tashi. Ya rasu bana, farkon damina.

A zaman makoki wani tsoho da ya yi direba a gidan talabijin ya ce kaset ɗin nan bai ɓata ba, yana wurin Bappa Hammadu, mai haɗa hoto, wanda ya koma wurin dangin uwarsa a Garwa ta Kamaru. Dada tana takaba, amma maganar ta isa ɗakinta. Ta kira ni ta ce, "Ka je ka ɗauko min. Ina so in ji abin da ya faɗa da kunnena, in ga ko ya kai a ce mun sha abin da muka sha."

Ban tafi ni kaɗai ba. Baba Nduka ya ce ƙafarsa ƙafata. Inyamuri ne haifaffen unguwar Herwagana, shagonsa na gyaran rediyo yana daura da teburin Baba a kasuwa, tare suka tsufa. Ya ce irin wannan kaset ɗin babba ne kamar bulo, injin da ke juya shi kuwa ko an samu sai an yi masa aiki. Matarsa ta rako mu tasha da kular abinci, ta ce da ni, "Manu, na ba ka shi da ƙafa biyu, ka dawo min da shi da ƙafa biyu."

"Ki yi wa kanki addu'a," in ji Baba Nduka. "Tela kika ba ajiya. Wandona na Kirsimeti yana wurinsa tun bara. Shi ma saura kaɗan ne, gado ya yi."

Wannan ce dariyata ta farko tun rasuwar, kuma sai da na ji kunyarta.

Mun bi ta Kumo, garin su Dada, muka wuce Billiri da Kaltungo. Daga nan hanya ta fara ba mu wahala, ramuka cike da ruwa, direba yana zagin kowane rami da sunansa kamar ya san uwarsa. Baba Nduka ba ya iya shiru a mota, kafin mu kai Cham kowa ya san ko ni ɗan wane ne. Wani dattijo Batangale, tsohon malamin makaranta, ya juyo daga gaba ya kama hannuna ya yi min ta'aziyya. Sannan ya ce shi ya san abin da Baba ya faɗa, ai gwamna ya kira ɓarawo ƙiri-ƙiri.

"Ba haka ba ne, Malam," in ji wata mata mai kwandon tattasai. "Jaki ya sa wa hular soja. Yayana ya gani."

"A ina ya gani, Hajiya, shirin da ba a nuna ba?"

"To kai a ina ka ji?"

Suka yi ta yi har gadar Numan. Direba ma ya kawo nasa, wanda ba zan iya rubutawa ba. Baba Nduka ya raɗa min cewa haka ake yi tun a wancan lokacin. Duk ranar da aka ɗora goge, washegari kasuwa sai ta cika da abin da Malam ya faɗa, kowa da nasa, kuma kowanne ya fi na gaskiyar muni. Ya ce, "Da sun bar shi ya yi maganarsa da ya fi musu sauƙi." Na tambaye shi ko Baba bai taɓa gaya masa ba, duk zaman da suka yi. Ya ce sau ɗaya ya tambaya, Baba ya miƙa masa agogo ya ce ya riƙe masa murfi.

A Jimeta muka sauka gidan wani ɗan cocin su Baba Nduka mai sayar da kayan mota. Kafin in tambaya matar gidan ta nuna min gabas, ta shimfiɗa min sabon zane a kan tabarma, ta kuma ce naman da ke cikin miyar agushin daga wurin mahaucin Bahaushe ta sayo, kada in ji komai. Na ci sakwara har na ji nauyi. Na rubuta wannan ne don in ta ji labari ta san ban manta ba.

Daga Yola muka hau wata tsohuwar mota zuwa Gurin, inda kogin Faro ya raba mu da Kamaru. Namu jami'an ba su tsare mu da yawa ba, sun dai karɓi abin da suka saba karɓa. Kogin ya cika ya yi ja. Baba Nduka, wanda ya yi ta cika baki tun daga Gombe, da ya ga kwale-kwalen sai ya yi tsit. Ya zauna a tsakiya ya rungume jakar kayan aikinsa, ya fito da carbinsa mai gicciye. Ni ma na fito da nawa. Mai tuƙin ya dube mu ya ce da Fillanci, yau dai ko ta wace ƙofa aka bi, jirginsa ya tsira.

A tsallake ne na yi kuskure. Jandarma, wato jami'in tsaronsu, ya zazzage jakar Baba Nduka a kan tebur, sukurdirebobi da ƙarfen narka dalma da wayoyi suka watse. Ya tambaye ni da Fillanci me za mu yi a Garwa. Fillancina na wurin Dada ne, na cikin gida, bai iya kewaye-kewaye ba. Na ce za mu ɗauko wani kaset ne da gwamnati ta hana a nuna. Na ga fuskarsa ta canza. Ya tattara takardunmu ya sa a aljihun tebur, ya nuna mana benci a ƙarƙashin bishiya, ya ce mu jira babbansu.

A can da rana ta take, komai yake tsayawa. Ofis ya rufe, babba ya tafi gida cin abinci da barci, ba kuma wanda yake ganin abin mamaki ne. Muka zauna muna kallon awaki. Baba Nduka ya ce, "Ɗana, a bakin iyaka ba a faɗin gaskiya duka. Ka ce za mu gaida mara lafiya mana. Kowa yana da mara lafiya."

Da babban ya dawo ya sa aka shigar da mu. Dattijo ne mai furfura, yana jin Hausa. Na ba shi labarin daga farko. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce, "Gwamnatin da ta hana ɗin, tana nan?"

Na ce, "Ta tafi tuntuni, ranka ya daɗe. An yi wasu da yawa bayanta."

Ya ɗan ɗaga ido ya dubi hoton da ke rataye a bangon ofishin, ya mayar da kansa ƙasa. Ya ce a hankali, "Ashe ku naku suna tafiya." Ya buga hatimi ya miƙo mana takardunmu, ya ce Allah ya ji ƙan mamaci.

Daga nan babura muka hau cikin taɓo. Na Baba Nduka ya zame, suka kwanta a hankali kamar an shimfiɗa su. Bai ji ciwo ba, amma takalminsa ɗaya ya nutse ba a same shi ba. Da silifas ɗin roba na mata ya shiga Garwa, domin shi kaɗai aka samu a ƙauyen da muka hau mota.

A cikin motar ne wani abu ya faru da ya tsaya min a rai. Mun wuce wani babban allo mai hoton shugabansu, wanda aka ce yana kan kujera tun ina rarrafe. Baba Nduka ya nuna shi da baki ya ce da ƙarfi, "Manu, nan ma saura kaɗan ne?" Akwai masu jin Hausa a motar, na ga kafaɗar wani tana rawa. Amma ba wanda ya ce uffan. Direba ya miƙa hannu ya ƙure rediyo, kiɗa ya cika motar har muka haye gadar Binuwai. Mu a Gombe mukan zagi shugaba a teburin mai shayi har murya ta dushe, ba kuma abin da yake canzawa. Su ba sa zagin, ba abin da yake canzawa. Ban san wanda ya fi wani ba.

Garwa gari ne mai zafi da bishiyoyin dalbejiya a bakin titi. Kowa Fillanci yake yi, har 'yan kudancinsu masu sayar da giya, sai in an shiga ofis a koma Faransanci. Mun kama ɗaki a wani gidan baƙi kusa da kasuwa, sama ɗakuna, ƙasa mashaya. Da safe aka kawo mana burodi dogo kamar sanda, mai tauri, an tsaga cikinsa an cusa taliya da wake. Baba Nduka ya juya shi ya ce wannan in ka ci rabi, sauran rabin ka kore kare da shi. Zoɓo kuwa suna da shi a kwalba suna kuma da shi a miya, da gyaɗa, kuma miyar ta yi daɗi.

Ba mu sha wuyar samun Bappa Hammadu ba. A masallacin unguwa muka tambaya, aka ce ai Bappa Bidiyo, domin bayan ya dawo ɗaukar bikin aure ya yi har idonsa ya yi yana. Mun same shi a zaure, siriri, fari. Da na faɗi sunan Baba sai ya sunkuyar da kai. Gaisuwarsu doguwa ce, ba a kallon ido, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi ruwan sama, a sake komowa kan gida. Ina ta ƙoƙarin kawo maganar kaset yana mayar da ni kan gaisuwa. Ya sa aka kawo tuwo, ya ce sai mun ci. Da a gida ne, da na ce rowar magana ce. Daga baya na gane tsoron abin da zai faɗa min yake ji.

Da aka kwashe kwanuka ya ce, "Ɗan Malam, kaset yana nan. Amma bari in gaya maka yadda muke aiki, don kada ka ce na ɓoye."

Ya ce jami'in da ake turowa shi kaɗai yake sa abin ji a kunne ya saurari shirin. Shi Bappa ana kashe masa lasifika. A jikin injin akwai lambobi masu gudu, jami'in sai ya ce daga lamba kaza zuwa lamba kaza, shi kuma ya danna jan maɓalli. Hoto yana nan, murya ta tafi. Daga baya a ɗora goge. Ranar shirin ƙarshe jami'in ya saurara, ya cire abin kunnen, ya fita ya buga waya, ya dawo ya ce a goge wasan agogo daga farko har ƙarshe. Kafin a ɗora kiɗa sai umarni ya zo cewa shirin ma an soke shi, a mayar da kaset ɗin a ɗauki wani abu a kansa. Shi ne ya sa shi a cikin babbar riga ya fita da shi.

Na ce, "To amma kai ka ji abin da ya ce."

"Ban ji ba. Waɗanda suka ji su ne masu kyamara biyu da mai ba da umarni, duk sun riga mu. Na goge muryoyi da yawa a wannan ɗakin, ɗan Malam. Ko ɗaya ban taɓa ji ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yi tunanin Dada a ɗakinta tana jira, na yi tunanin kogin da muka haye. Baba Nduka ya kama gefen rigata ya ce, "Zauna. Mun riga mun zo. Ko fuskarsa ce mu gani."

Injin yana cikin wani ɗaki an rufe shi da tsohon bargo. Da Baba Nduka ya buɗe, ɓeraye sun yi gida a ciki, robar da ke juya ƙafafun ta narke ta zama kamar kwalta. Ya aika aka sayo tiyub ɗin keke ya yanka sabuwa da reza, ta farko ta yi sako-sako, ta biyu ta tsinke, ta uku ta zauna. Ya wanke kan injin da auduga. Yini guda yana durƙushe da silifas ɗinsa na mata, ba wasa ko ɗaya a bakinsa. Da ya duba kaset ɗin ya ga farin fumfuna a gefen zaren, sai ya ce, "Manu, wannan sau ɗaya zai wuce, in ma ya wuce. Ka saita wayarka a kan talabijin ɗin, kada hannunka ya yi rawa."

Na jingina gwiwar hannuna a kan turmi. Aka danna.

Da farko layuka ne kawai, sai hoto ya tsaya. Ga teburin, ga babban agogon, ga Baba. Bai kai shekaruna na yanzu ba. Gashinsa baƙi, wuyansa lafiya lau, ba tabon aiki. Ya ɗago kai ya buɗe baki, muka ji muryarsa, cikakkiya, mai ɗan kauri, ta ce, "Salamu alai…"

Shi ke nan. Daga nan sai shuuu.

Bappa Hammadu ya ce daga bayanmu, yatsansa ne ya makara. Jami'in ya ce ya koma ya share wannan ma, shi kuma ya ce masa ai ya riga ya share.

Muka zauna muna kallon Baba yana magana ba murya, kamar yadda muka kalle shi a kan gadonsa. Masu agogo suka zo, ya sallame su. Sannan ya yi abin da bai saba yi ba. Ya juyo ya fuskanci kyamara, aka matso da fuskarsa har ta cika gilashin talabijin. Ya yi magana mai tsawo. Ya buɗe cikin agogon ya nuna yatsansa a kan abin da ke lilo. Daga ƙarshe ya cire gilashin idonsa, ya cire hula, ya faɗi wasu 'yan kalmomi kaɗan, ba dariya a fuskarsa. Sai injin ya yi ƙara, hoto ya yamutse, zaren ya naɗe a ciki.

Baba Nduka ya fita wanke hannu, ya daɗe bai dawo ba. Bappa Hammadu ya ce in yafe masa. Ba ni ya yi wa ba, kuma wanda zai yafe ɗin ba ya nan. Na ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ya naɗe kaset ɗin da zarensa a waje cikin wani ɗankwali ya ba ni.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Hanyar ce dai, kogin ne dai. Na mayar da Baba Nduka Herwagana da ƙafa biyu da takalmin aro. Sannan na yi ta zagaye a gari, na je shago na buɗe na rufe, don kada in isa gida.

Na sami Dada bayan la'asar a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi hanya. Na ce, "Dada, na samo, amma babu murya. Sun goge. Rabin sallama kawai ya rage."

Ta miƙo hannu. Sannan ta ce, "Kawo in gani."

Na ba ta wayar. Ta ce in ɗauko mata tabarau. Da muryar ta ce "Salamu alai…" sai ta amsa, "Wa alaikumus salam," kamar ya shigo ne daga kasuwa. Ta matso da wayar kusa da fuskarta. Da aka zo inda fuskarsa ta cika gilashin, na ji ta fara magana a hankali, ba da irin muryarta ba, tana tsayawa inda yake tsayawa.

Wallahi duk tsawon hanyar nan ko sau ɗaya abin bai zo min a rai ba. Murya na je nema, na manta wadda ta yi shekaru tana jin sa ba murya.

Ga abin da ta karanta a bakinsa. Wasu wurare sai da na mayar mata baya, wuri ɗaya kuma ya juya kai ba ta samu ba.

"Jama'a, ku daina wahalar zuwa. Agogon nan ba abin da ya same shi. Tun ranar da kuka kawo shi lafiyarsa ƙalau. Ga yatsana, ni na riƙe shi. In na sake shi zai yi tafiyarsa, ku ɗauki abinku ku tafi gida. To ni kuma fa? Wa zai ƙara zuwa ya durƙusa a gaban teburin nan? Wa zai ce min ranka ya daɗe? Ba saura kaɗan ba ne. Ban da niyya."

Iyakarsa ke nan. Ba jaki, ba hular soja, bai kira sunan kowa ba. A kan wannan aka ja masa ƙafa.

Na ce, "Dada, ya kai abin da muka sha?"

Kafin ta amsa aka zo wurin da ya cire hula. Na ga leɓenta ya fara bin nasa, sai ya tsaya. Ta ce in mayar. Na mayar. Ta sake cewa in mayar. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi ta mayar, ta sake kallo.

"Me ya ce a nan?"

"Wannan ba na 'yan kallo ba ne."

Ta ci gaba da kallon wayar. Can ta ce, ba da ni take ba, "Ashe ya aiko min. Su ne ba su bari ya iso ba."

Ban sake tambayarta ba, kuma ina roƙon masu zuwa gaishe ta kada su tambaya. Abin da yake naku na rubuta muku shi a sama, duka, ban rage ba.

Wayar tana wurinta yanzu, na sayi wata. Ba ta iya komai a cikinta ba sai wuri ɗaya da na nuna mata ta danna. Jikoki suna sa mata caji. In na dawo daga shago da yamma nakan same ta a ƙofar ɗaki ta riƙe ta kusa da fuska, tsakar gidan shiru. Jiya ina cire takalmi na ji ta ce, "To, na ji. Ai na ji."